Kananzirin Gwaggo Rekiya

Basiru ɗan Kafin Dafga ne ta ƙasar Karaye, amma a Kano yake karatun digiri na biyu a fannin sinadarai. Duk aikinsa ya rataya ne a kan wata na'ura ɗaya tilo da ke ɗakin gwajinsu, wadda suke kira kuromatogiraf. Ɗigon mai ake tsira mata da sirinji, zafi ya mai da shi tururi, iska ta kora shi cikin wani siririn bututu a nannaɗe. Sinadarai marasa nauyi su riga fita, masu nauyi su biyo baya, kowanne ya zana ɗan tudunsa a allon kwamfuta. Shi Basiru ya sa wani ruwa mai kauri a bututunsa, yana auna yadda dangin fetur ke maƙalewa a ruwan, da yadda ƙarin zafi ke sa su saki.

Da ya je gida hutun Sallah, ya leƙa garin Jajaye don gai da ƙanwar mahaifinsa, Gwaggo Rekiya, mai tuyar awara a risho. Bayan an gaisa, an tambayi mutanen Karaye ɗaya bayan ɗaya, sai ta ɗauko wata kwalbar lemo da aka toshe da leda.

"Kai da aka ce aikinka gwajin mai ne, sansana min kananzirin nan. Tun da na saye shi rishona ke wani irin huci."

Ya kai kwalbar hanci. Akwai wani kaifi a warin da bai kwanta masa ba.

"Zan duba miki shi da na koma, Gwaggo."

"To in ci gaba da aiki da shi?"

"Ki dai riƙa kula," in ji shi, hankalinsa na kan mai babur ɗin da ke jiransa a waje.

A Kano ya tarar layinsa na na'ura ya zo, bayan dogon jira, don ɗalibai da yawa ne ke rububinta. Kafin ya iya gwada kananzirin dole sai ya kashe wuta, na'ura ta huce, ya cire bututunsa ya ɗaura wani. Ga malaminsa na matsa masa kan sakamako. Ya tura kwalbar ƙarƙashin tebur. Kullum ya sunkuya ajiye jaka sai ya gan ta, ya ce a ransa gobe.

Yana tsakiyar awo da hantsi Rilwanu ɗan Gwaggo ya kira shi. Ya ce Gwaggo tana ƙara mai a risho wuta ta tashi, ta kama mata hannuwa da gaban zani. An kai ta asibiti a Rogo.

Basiru ya ajiye wayar. Sannan ya kashe awonsa, ya sauya bututu, ya tsira ɗigon kananzirin. Ba a jima ba tudun farko ya miƙe a allo, wani ya bi shi, wani ya bi, duk a wurin da kananzir na gaskiya ba ya nuna komai. Fetur ne aka gauraya a ciki, kuma ba kaɗan ba. Duka aikin bai kai shi azahar ba.

Da ya isa asibitin ya same ta kwance, hannuwa biyu naɗe da bandeji har gwiwa. Ya durƙusa gefen gadon.

"Sannu Gwaggo. Ya jiki?"

"Da sauƙi. Ka baro karatunka?"

"Gwaggo, man nan da fetur a ciki. Sai yau na gwada. Tun ranar da kika ba ni na ji warin, ya kamata in ce ki daina."

Ta dube shi. Ya so ta yi masa faɗa, ko ta kau da kai.

"Ni ma ai na ji warin," ta ce a hankali. "Abin da Allah Ya rubuta ba ya wucewa. Amma ka tashi daga nan. Sadiya maƙwabciyata a duro ɗaya muka saya, kuma goyo gare ta."

Shi da Rilwanu suka hau babur zuwa Jajaye. Mai kananzirin ya rantse shi ma haka aka sauke masa, ya yarda aka rufe duron a gaban mai unguwa. Suka bi gida-gida suna sallama, suna karɓar kwalabe da galan. A gidan Sadiya suka tarar ta riga ta cika fitila, tana jiran magariba.

Gwaggo ta warke, sai dai yatsun damanta ba su ƙara lanƙwasuwa sosai ba, tuyar ta koma hannun surukarta. Basiru ya rasa layinsa na na'ura, kammala karatunsa ya koma shekara mai zuwa, bai kuma yi wa kowa ƙorafi ba. Duk zuwan da zai yi Jajaye, takan miƙo masa ruwa da hannun hagu tana ba shi haƙuri, shi kuwa ya karɓa da hannu biyu, idonsa a ƙasa.