Rafin da Na Zana a Bangon Anselm

…farar ƙasa! A kan aikina! Tun da aka kafa Zuru ba a taɓa yi wa ɗan Adam irin wanga zalunci ba. Ga Anselm can ƙofar kantinsa yana dama ta a bokiti, ko kallona ba ya yi. Shi da ya ce, Yari, zana mini rafin bayan Rikoto a bangon nan, mai wucewa ya tsaya ya sayi sabulu. Sun tsaya kuwa. Direbobin Kontagora har birki suke takawa. Hannun nan nawa, Allah ya yi shi sau ɗaya ya huta…

Yanzu wai zanen ne ya kashe rafin. Haka Magdalene ta ce, matan unguwarsu a bayanta, tuluna wayam. Wai na zana kifi ciki sama, kifi ya juya ciki sama. Haba, Magdalene! Burushi ne ko maita? Abin da na gani na zana.

To, mi na gani?

Ruwan rani, launin kunu, ba abin da ido zai kama. Sai duron nan da masu kwalta suka bari gindin gada, yana ɗan yoyo. Hoton ƙoƙon kai a jikinsa — wanda ya zana ma bai iya ba, haƙoran sun karkace. Ɗigo guda ya taɓa ruwa: shuɗi, kore, ja, kamar wuyan tantabara. Wane mai zane zai kau da kai? Amma ɗigo guda ya isa bango guda?

Shirun nan… Jiya da rana tsaka na koma. Ba kwaɗo, ba mazari, ungulu ma ta ƙi sauka. Kifi jere a gaɓa, idanu fari fat, duk suna duban wuri ɗaya. Inda na zauna. Akuya kwance, kumfa a baki, ko ƙuda bai taɓa ta ba. Na yi tari don dai in ji wani abu.

Ga Anselm ya ɗaga tsintsiyar shafe. Daga gajimarena zai fara — tsaya, Anselm, ɗan'uwa! Bangon ba shi da laifi, fenti ne da kananzir, ina da shaida!

Shaida. In ce duro ne. Sai Magdalene ta ce, duron da ya shekara tsaye, wa ya kwantar da shi? Matar nan ba ta barin tambaya rabi.

Ƙafata ce ta ɗan goge shi… a'a. Marfin ma sai da na nemo dutse kafin ya buɗe. Na tura. Na zauna ina haɗa launi, ina yaba kaina, shi yana ta bulbula.

Duk sun juyo. Ni na ce a tsaya, ga shi an tsaya. Tsintsiya na ɗiga a hannun Anselm, bakina buɗe, ban san wanda zan ceta ba — bangon ko Yari…