Abin da Luba Ta Sha

Malam Gwadabe bai gama ɗaure jakinsa a gindin dabino ba, sai ya hango takardu a kan igiyar shanya. An jera su kamar tsummokaran jariri, suna ɗiga.

Ya san takardunsa. Tun shekarar da Nasara suka ci Kano yake bin tsofaffin ƙasar Dutse, yana rubuta abin da ke bakinsu da ajami: wanda ya haƙa kowace rijiya, yadda marina ke haɗa baba, abin da aka ci a shekarun yunwa, waƙoƙin daka na mutanen kan dutse. Rabin littafin daga bakin Modibbo Idirisu na Aujara ya fito. Daga jana'izar Modibbon yake dawowa yanzu.

Ya ciro ɗaya. Fara fat, sai dishi-dishin baƙi a gefe. Ya ciro ta biyu. Ita ma haka.

"Inna!"

Mahaifiyarsa ta fito daga ɗakin matarsa Rakiya, hannayenta baƙi ƙirin.

"Sassauta murya, yarinya ta samu barci. Sannu da hanya. Ya ƙarin haƙuri?"

"Wa ya taɓa gafakata?"

"Ni na taɓa. Kana fita zazzaɓi ya kayar da 'yarka Luba, har ta fara fizge-fizge. Na aika gidan Liman a yi mata rubutu, aka ce duk malaman unguwar Limawa kuna can wurin jana'iza. Sai in zauna in zuba mata ido?"

"Ga alluna nan a zaure, Inna."

"Na yara? Ai na ga wannan kake tusawa ƙarƙashin matashi, ko shara ba ka bari a yi kusa da shi. Na ce to, nan babban asirin yake."

"Ba ayoyi ba ne. Tarihi ne."

"Ba da harufan Alƙur'ani ka rubuta ba?"

Ya sake duban igiyar shanyar.

"Duka kika wanke?"

"Na bar maka fatar."

Ya zauna a kan turmi. A kakar da ta wuce, Baturen da ke zagaya ƙasa ya aiko masinja, a ba shi aron littafin a kwafa a Kano. Ya hana. Ya ce a hannun Nasara ɓata zai yi, gidansa ya fi tsaro.

Ya runtse ido ya nemi waƙar da Modibbo ya rera masa, ta matan da suka daka ƙwallon dabino a shekarar yunwa. Baitin farko ya zo. Na biyu ya ƙi. Wanda zai tambaya, da hannunsa ya zuba masa ƙasa.

"Kai, wannan kallon fa?" in ji Inna. "Ba kai ka rubuta ba? Sake rubutawa mana. Takardun ma ga su nan, sun fi da haske."



Rakiya ta leƙo, idanunta jawur. "Malam, ta farka. Jikin ya yi sanyi. Tana neman ruwa."

Inna ta ɗauko ƙwarya daga bakin ƙofa ta miƙa masa. "Ga ragowar. Yi mata bisimilla ka ba ta da hannunka, ya fi."

Ya karɓa. Baƙin ruwa ne, yana warin ƙaro da gawayi. Ya daɗe yana kallonsa. Fuskarsa kawai ya gani a ciki.

Ya shiga ɗakin ya durƙusa. Goshin Luba ya jiƙe da gumi. Ya tallabo kanta, ya kai ƙwaryar bakinta. Ta kurɓa, ta yamutsa fuska.

"Baba, ba daɗi."

"Shanye," ya ce. "Kada ki bar ko ɗigo."