Aikin da Malam Husaini Ya Bari

Tun da bel ɗin fanka ya cinye wa Jibrin yatsu biyu na hannun dama, ƙaramin da mai bi masa, bai sake riƙe sitiyari ba. Bayan babbar sallar bara abin ya faru, a tashar Kawo, yana leƙa injin motar da ya daɗe yana ja zuwa Zariya. Matarsa Rashida ta yi kuka a asibiti, amma da suka dawo gida Hayin Banki sai ya lura barcinta ya fi na da nauyi. Ba ta taɓa faɗa masa ba, shi ma bai tambaya ba, sai dai ya san ta fi son mijin da ke da yatsu takwas a gida a kan mai goma a kan hanya.

Zama bai karɓe shi ba. Da ciwon ya warke sai ya shiga wata cibiyar koyon sana'a a Badarawa, inda ake koyar da aiki da firinta mai zaren roba, wadda ke narka zaren ta jera shi layi bisa layi har ya zama abin da aka zana a kwamfuta. Shi ne mai furfura a ajin, kuma shi kaɗai ya san abin da yake nema. Ya san yadda direba ke neman inda zai maƙala waya, da ƙugiyar rataya carbi, da murfin hancin iska na tsofaffin motoci wanda ko a kasuwar Panteka an daina samu. Abin da ya fi riƙewa daga mai koyar da su ƙa'ida ɗaya ce: duk abin da za a sa cikin mota, a fara kulle shi a motar da rana tsaka, gilasai a ɗage. In ya fito yadda ya shiga, a sayar. In ya lanƙwashe, a jefar.

Saura ya mallaki tasa firintar, sai ga Muhammadu. Abokinsa ne tun suna kwandasta, Bakano mai baki, yanzu yana da motoci biyu a layin Zariya, ɗaya ba direba. Ya ce shi bai ga abin da zai sa namiji ya zauna yana gadin zare kamar mai saƙar hula ba, kuma ai Bazazzagi irin Jibrin ko yatsa ɗaya gare shi zai kai mota garinsu, tunda ita ma ta san hanya. Ya ce ranar Juma'a zai kawo motar ya ajiye a ƙofar gida, Asabar da safe Jibrin ya shiga layi. Jibrin ya yi dariya ya ce zai duba. Rashida tana bayan labule, ba ta yi dariya ba.

Washegari ta ce masa akwai wata Yaya Kaltume da suke Islamiyya tare, a Unguwar Kanawa. Mijinta Malam Husaini irin wannan aikin yake yi kafin ya rasu, ya bar firinta biyu, an raba gado sun faɗo a kasonta, kuma tana son wanda zai yi amfani da su ya ɗauki ɗaya.

Da hantsi suka je. Shagon a jikin gidan yake, da ƙofa ta waje da ta ciki. Kaltume ta buɗe ta cikin ta tsaya a bakinta, ba ta shigo ba. Ta ce tun ranar da Malam ya fita ba wanda ya taɓa komai, shara kaɗai take yi, ita ma iyakarta tsakar ɗaki.

Ƙaramar firintar a buɗe take, ba ta da jiki sai ƙarafa, irin wadda Jibrin ya koya a kanta. Ba ta da wuyar sha'ani, ba ta cin wuta, amma zaren da ta fi so shi ne mai taushin nan da ranar Kaduna ke mayarwa kamar alewa. Babbar kuwa akwati ce mai ƙofar gilashi, tana riƙe zafi a ciki, don haka tana iya jan zaren nan mai tauri da ba ya jin rana. Sai dai tana wari, tana son taga, kuma in ta ɓaci ba kowa ke gyara ta ba. Jibrin ya zagaya su yana lissafi a zuci. Ƙaramar ta isa ƙugiyar carbi. Mai son yin abin da zai kwana ya wuni a gaban mota, babbar zai ɗauka.

Da ya sunkuya ya leƙa gilashin sai ya ga akwai abu a kan farantinta, baƙi, dunƙulalle, an yi rabi an tsaya. Daga gindinsa ya gane mariƙin sitiyari ne, irin wanda ake ɗaurawa don a juya mota da hannu ɗaya.

Kaltume ta ce ranar Malam yana cikin yin sa aka ɗauke wuta. Ya jira bai ga ta dawo ba, ya ce bari ya je Zariya ya dawo ya ƙarasa.

Da yake akwai wuta, sai Jibrin ya nemi izini ya kunna su ya gwada. Ƙaramar ta tashi ba gardama, ya sa ta yin ƙugiya. Babbar ta yi ɗan kuka, fitilarta ta kama, rubutu ya fito a ɗan allonta. Da ɗan Turancin da ya tsinta a cibiya ya karanta: an yanke wuta ana tsakar aiki, a ci gaba ko a soke? Ya san firintoci da yawa na da wannan, ba abin mamaki ba ne. Duk da haka sai ya ji kamar ya shiga ɗakin mutum ya tarar an bar masa abinci a rufe.

"Hajiya, tana tambaya ko ta ƙarasa."

Kaltume ta dubi firintar daga bakin ƙofa. "Malam ba ya son aiki rabi," in ji ta. "A bar ta ta ƙarasa."

Ya danna. Bakin firintar ya yi zafi, ya sauko daidai inda ya tsaya, ya ci gaba kamar jiya aka katse shi. Matan suka shige cikin gida. Jibrin ya zauna a kan kujerar mamacin, don ba wata, yana kallon abin yana tashi a hankali. Ya yi azahar a masallacin layin ya dawo. Wajen la'asar saman mariƙin ya fara fitowa, da guraben yatsu. Ya ƙirga su tun kafin su gama. Uku ne. A gefen da ya kamata sauran biyun su kwanta, robar ta taso ta yi ɗan tudu mai santsi.

Da mariƙin ya huce ya ɓanɓaro shi ya riƙe. Babban yatsa ya faɗa gurbinsa, manuni da na tsakiya suka faɗa nasu, dungun ya kwanta a kan tudun ba tare da ya ji zafin da yake ji ko da cokali ya riƙe ba. Tun daga asibiti bai riƙe abin da ya cika masa hannu haka ba. Ya juya wuyan hannunsa a iska, hagu da dama, sai ga hanyar Zariya ta buɗe masa a ido, da kwanar Jaji, da masu rake a bakin titi.

Rashida ce ta fara magana daga bakin ƙofa. Ta tambayi Kaltume ko Malam yana da ciwo a hannu. Kaltume ta ce yatsunsa biyar cif. Ta tambaya wa ya ba shi aikin. Kaltume ta ce ita ma ta tambaye shi, ya ce mai shi zai zo ya karɓa, bai ambaci suna ba.

"Yaya, yaushe Malam ya rasu?"

"Kafin azumin bara."

Rashida ta kalli hannun mijinta, wanda a lokacin yatsunsa biyar ne cif, ta sauke ido. Jibrin ya ce masu yatsu uku ai suna da yawa a tasha, kowane bakanike ya san biyu ko uku. Ba wanda ya musa masa. Ya sa babbar ta yi masa ƙugiya ɗaya da wannan baƙin zaren don gwaji, ya ce sai ya kulle su a rana kafin ya zaɓa.

Muhammadu ya cika alkawari. Ranar Juma'a da hantsi ya ajiye motar a ƙofar gida, ya jefa wa Jibrin makulli. Da ya ga mariƙin ya ce to ga shi nan, har robar ma ta fi Bazazzagi hankali, ta san inda ya dace da shi. Bayan ya tafi Jibrin ya ɗaura mariƙin a sitiyari ya ƙara masa sukurori. Ya jera ƙugiyoyin biyu a gaban motar, ta ƙaramar firinta da ta babbar. Ya daidaita tayoyin, ya zare makulli, ya girgiza sitiyarin har ya ji ya kulle, ya ɗage gilasai, ya rufe. Rashida tana tsaye a zaure. Ya ce mata gwaji ne kawai. Ta ce ta sani, amma me ake gwadawa, robar ko shi? Ya saɓa darduma ya tafi masallaci.

Lokacin nan ne da unguwa ke yin tsit, maza sun tafi, inuwa ta shige ƙarƙashin bango, wanda tsofaffi ke hana yara fita don ba mutane kaɗai ke yawo a cikinsa ba. Da aka sallame ya dawo, tun daga nesa ya ga motar ba yadda ya bar ta take ba. Ba ta matsa ba. Tayoyin gaba ne suka juya gaba ɗaya zuwa dama, sun share yashi sun bar sawu kamar lauje.

Ƙofofin a kulle suke. Ya buɗe, zafi ya buso masa. Ƙugiyar ƙaramar firinta ta kwanta ta lanƙwashe, yadda ya zata. Ta baƙin zaren tana nan ƙyam, ko gefenta bai motsa ba. Ya taɓa sitiyarin, a kulle yake, sai dai a karkace. Sannan ya dubi mariƙin, wanda aka yi da zare ɗaya da ƙugiyar da ba ta ji komai ba. Guraben sun zama biyar. Sun nutse cikin robar kamar an damƙi tuwo, tudun nan ya baje, kuma hannun da ya yi su ya fi nasa faɗi.

Rashida ta ce ana tsakar huɗuba ta ji taya na murza yashi, ta ɗauka shi ne ya dawo. Ta leƙo, ba kowa a layin, ko akuya.

Bai sa hannunsa a ciki ba. Da sukundireba ya kwance shi, ya naɗe a tsumma, suka hau Keke zuwa Unguwar Kanawa. Kaltume ta karɓa a bakin ƙofarta ta ciki, ta juya shi a haske. Ta sa farcenta a gurbin ƙaramin yatsa, inda wani siririn layi ya zagaya.

"Zobensa ne," in ji ta. "Na azurfa. A nan yake sa shi."

Ta ce waɗanda suka ga abin sun ce motarsa ta karkata hannun dama ne ta bar titi, gab da Jaji, ba abin da ya gifta masa. Masu wankan gawa kuma sun sha wuya kafin su miƙe masa yatsun hannun dama. Ta faɗi haka ba kuka, kamar mai ba da labarin ruwan da aka yi bara. Rashida ta tambaye ta ko kira ne wannan ko kashedi. Kaltume ta ce ita ba ta sani ba. Abin da ta sani, Malam bai taɓa ba mutum kaya ba sai ya gwada da hannunsa.

Ta ɗaure mariƙin a gefen mayafinta, ta ce wannan nata ne. Firinta kuwa ya zaɓi wadda yake so. Jibrin ya dubi ƙaramar, wadda ba ta tambaye shi komai ba, ya dubi babbar. Gwaji ya riga ya nuna wadda ke jure rana. Ya ce babbar zai ɗauka.

Da yamma ya kai wa Muhammadu makulli har tasha, ya ce ya aiko a ɗauki motar. Muhammadu ya fara tsiya, ya ce dama ya san Zage-zagi baki ne kawai. Da ya dubi fuskar abokinsa sai ya bari, ya sa makullin a aljihu, ya tambayi ko za a yi masa abin maƙala waya guda biyu.

Yanzu firintar tana ɗakin zaure a Hayin Banki, kusa da taga saboda wari. Direbobin Kawo sun san wurin. Yana yi musu ƙugiya, da murfin hancin iska, da mazaunin kofi, kowanne sai ya wuni a rana kafin ya bayar. Mariƙin sitiyari ne kaɗai ba ya yi, ko an roƙe shi. In aka ɗauke wuta yana tsakar aiki, ta dawo, allon ya tambaya a ci gaba ko a soke, ba ya saurin dannawa. Sai ya buɗe ƙofar gilashin ya duba abin da ke kan farantin tukuna, ya tabbata shi ya fara shi.