Bulon da ba ya jin guduma

Shekara shida matar magini tana roƙonsa ya gina mata tanderun gasa burodi a bayan gida. Shi kuwa gwanin gina wa jama'a ne, aikin gidansa kullum sai an kwana biyu. Rannan dai sai ga shi da bulo cike da mota, yana washe baki kamar shi ya ƙirƙiro su.

Daga wurin aiki ya samo su. Wata masana'anta suke shimfiɗa wa magudanar ruwan guba da wani sabon bulo mai ɗorawa-ɗorawa, wanda aka haɗa da farar wuta da yashi da tsakuwa, babu siminti ko cokali ɗaya. Da ya roƙi masu ɓantararren gefe, injiniya ya ce ya kwashe, bai ma tambaye shi abin da zai yi da su ba. Magini ya ga asid, ruwan gubar masana'antar, ya kwana a kan bulon nan bai ci shi ba, ya kuma buga masa guduma sai da ta dawo masa. Sai dai a daskare ake kawo musu shi, bai taɓa ganin tukunyar da ake narka shi ba.

Kwana huɗu ya yi yana ginin, yana cika baki cewa jikokinsu ma za su gada. Matar ta yarda da shi, kamar kullum. Ta je gidan burodin da ta yi shekara tara tana murza ƙullu, ta yi musu sallama, aka ba wata gurbinta.

Ranar gwaji ta kwaɓa ƙullu roba uku, shi kuma ya hura wuta da hantsi. Wari ne ya fara zuwa, irin na ashana, mai shaƙe maƙogwaro. Sai bangon ciki ya soma naso, wani ruwa ja-ja yana gangarowa yana ci da shuɗiyar wuta. Ya sheƙa ruwa bokiti biyu, wutar ta mutu, amma rufin ya riga ya lotsa. Yana tsaye yana tari ya kira injiniya a waya, wanda ya ce ai da zafi ake haɗa bulon, zafi kuma ke warware shi, shi ya ɗauka katanga magini zai yi.

Kunya ta rufe magini. Ya duba cokalin gininsa, ya duba tsakuwar da ke zubowa, babu wurin da zai sa hannu ya gyara. Ya so matar ta yi masa faɗa, ko ya samu abin cewa. Ba ta yi ba. Ta ɗaga ƙyallen da ta rufe roba da shi, ta daɗe tana kallo.

"Baban yara," ta ce a hankali, "ƙullun fa ya tashi. Ina zan kai shi?"