Takardar Maganin Maruƙa

Hanatu ce ke buga takardu a wani shagon kwamfuta a Tudun Wadar Gusau. Wata safiya a daminar 1999, Malam Lukuman, malamin dabbobi, ya kawo mata disket, wato faifan kwamfuta, da abokin aikinsa ya ba shi a Tsafe. A ciki akwai bayanin yadda ake ɗura wa shanu maganin tsutsar ciki. Tana buɗewa sai wani gargaɗi ya fito da Turanci.

"Danna kawai, sauri nake," in ji shi.

Ta danna, ta buga masa kofe da yawa, ya hau babur ya nufi rugagen Kekun Waje da ke ƙasar Bungudu don ya raba.

Can da hantsi tana wani aikin, sai ta ga kalma ta bar wurinta ta koma ƙarshen layi, alhali ba ta taɓa komai ba. Ta zabura ta fita tana salati, ta kira Arzika mai gyaran na'ura.

Ya duba ya ce, "Ba aljani ba ne. Cuta ce ta ɓuya cikin takarda. Da an buɗe, sai ta riƙa ba kwamfuta umarni tana sauya wa kalmomi wuri. Wa ya kawo miki disket yau?"

Nan take ta tuna da disket ɗin Malam Lukuman. Ta ɗauko kofen da ya rage ta duba. "Maraƙi" ya koma gurbin "bijimi". Awon babban sa aka rubuta wa ɗan maraƙi.

Babu waya a ruga. Ta rufe shagon, ta shiga motar Bungudu, daga nan ta hau kabu-kabu, tana ta ganin kamar ba sa tafiya. A rugar Ardo Manu ta iske Lukuman. Sai lokacin ya karanta takardar, zufa ta keto masa.

"Baba, don Allah kada a ƙara ba ko ɗaya!" in ji Hanatu.

Ardo ya nuna mata wata maraƙa kwance tana dalalar da miyau. An riga an ba ta.

Suka bi bukka-bukka suna karɓe takardun. Saura ta wani makiyayi, Hamidu, wanda tuni ya kora garkensa daji da kwalbar maganin. Lukuman ya bi sawun shanun da babur, ita kuwa ta durƙusa gaban maraƙar, ta kasa ko shan nonon da aka miƙo mata.

Bayan la'asar ya dawo. A mashaya ya cim ma Hamidu, wanda ya riga ya kama maraƙin farko amma bai ɗura ba. Maraƙar Ardo kam ba ta kai magariba ba.