Ruwan da Ke Ƙarƙashin Maƙabarta

Wa ya fi haƙƙin ƙasa, wanda ke kwance a cikinta ko wanda ke jin ƙishirwa a kanta? Na kai tambayar nan har wurin malaman garin Managil, kowa ya ja aya, na dawo yadda na tafi.

Kambonmu, wato zangon da muke zaune, na masu tsinkar auduga ne. Ruwan tur'a muke sha, magudanar da ke shayar da gonaki. Nan jakuna ke shiga, nan maganin feshi ke gangarowa. In yaro ya fara fitsarin jini sai mu ce ya zama namiji, har barka ake yi wa uban.

Wata ƙungiya ta turo muhandis, wato injiniya, da motar haƙa rijiya. Shi ya faɗa mana tsargiya ce, dodon-koɗin tur'a ke ɗauke da ita. Ya gwada ƙasarmu ko'ina, gishiri. Ruwan daɗi wuri ɗaya yake, ƙarƙashin tsohuwar maƙabarta.

Kowa ya yarda a tashi kaburbura a mai da su gabas, ban da Baffa Sambo. Ubansa ya taso daga Sakkwato a ƙafa zai je Makka, a nan ƙarfinsa ya ƙare, a nan aka binne shi.

Sambo ya ce, "Bai kai Makka ba, kuma nan ɗin ma ba za ku bar shi ya kwanta ba?"

Dije matarsa ta ce, "Malam, shi ba ya shan ruwa. Mu muke sha."

"Ke da kika girma a tur'a, mi ta yi miki?"

"Tambayi 'ya'yan da na binne."

Ya shimfiɗa buzunsa a kan kabarin ubansa, ya zauna. Babu wanda ya iya ɗaga dattijo. Muhandis ya gaji da jira, ya tafi da motarsa wani ƙauye wajen Hasahisa.

Da rani aka rufe ƙofar tur'a, ruwa ya tsaya ya yi kore. Huseina, 'yar autan Sambo, cikinta ya kumbura, ta yi aman jini. Likita ya ba ta ƙwayoyi, ya ce wa uban, "Ya Hajj, in ta koma ruwan nan, kada ku wahalar da ita da dawowa."

Na tarar da Baffa Sambo a maƙabarta da hantsi, ya tuɓe riga, ga likkafani sabo na naɗe ƙasusuwan ubansa a gefe.

Na ce, "Baffa, motar fa ta tafi, ba za ta dawo ba."

"Na sani. Da hannu za mu haƙa. Riƙe mini kwandon."

Ya yi bismilla, ya kafa diga a kabarin ubansa.