Uku da Rabin Lauratu

Ranar Laraba ce Lauratu ta tambayi mijinta lissafi, ya ba ta amsa daidai. Daga nan gidan bai ƙara zama yadda yake ba.

Malam Salihu tsohon malamin lissafi ne a Kabara, mai littattafai fiye da abokai. Matarsa ta shiga jami'a da furfura a kanta, bayan ta aurar da 'ya'ya. A shekararta ta farko ɓarin jikinsa ya shanye. Ita ke juya shi, ita ke ba shi kunu da cokali. Jarrabawa ta zo, ta kwaso C da D, har da F guda.

Da ya miƙe, ita ma ta miƙe, ta riƙa cin A. Burinta ɗaya: matsakaicin makinta ya kai uku da rabi cikin biyar, ta fita da digiri mai daraja.

Tana tsince shinkafa a tsakar gida ta ce, "Malam, in na ci A a duk abin da ya rage, zan kai?"

Da ya ce Allah ya sani, da an wuce wurin. Amma shi malami ne. Ya ninka, ya tara, ya raba.

"Uku da ɗigo huɗu shida. Ba za ki kai ba. Allah ke shafe laifi da tuba, Lauratu. Jami'a tarawa take ta raba, shekarar farko na nan cikin lissafi har abada."

Ta yi 'yar dariya. "To, sannu da ta'aziyya, Malam."

Ba ta sake nuna masa sakamako ba. Ta koma karatu a ɗakinta, ƙofa a turo. Yakan tsaya a bakin ƙofar da sandarsa, ya yi gyaran murya, ya wuce.

Hawan jini ya ɗauke ta kafin bikin yaye ɗalibai. A zaman makoki, Mero abokiyar karatunta ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, A ta ci duka. Ta ce kai ka riga ka faɗi inda za ta tsaya. Ko ɗigo ba ka kuskure ba."

Mutane suka ce lallai Malam ya iya lissafi. 

Tun ranar shinkafar wata magana ke bakinsa, yana jiran ranar da ta dace ya faɗa mata: "F ɗin nan nawa ne, Lauratu. Ni ne jarrabawar da kika zauna, kuma kin ci."